Ko hoton IRM zai nuna inda ciwon tsokar yarona ya kai?

"Salamu alaikum likita, ya aiki ya jama'a. Ina da yaro ɗan shekara 7, tun yana da shekara 4 muka lura yana yawan faɗuwa, in ya zauna ƙasa sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe, ga sha-raɓarshi manya-manya. Mun yi na gida har mun gaji, daga baya aka yi analiz ɗin jini CPK ta fito sama da 14,000, likitan yara ya ce yana zaton ciwon Dushen ne. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya ce can ana sa irin yaran nan cikin IRM a ga yadda ciwon ke ci, wai in kai shi Yamai. Ni malamin lakkol ne a nan Damagaram, in zan yi tafiyar nan sai na saida babur ɗina. Shin hoton zai nuna inda ciwon ya kai? Sau nawa ake yi? Kuma in saida ko kar in saida?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba yaro lafiya, ya ba ku ladan jinya kai da mamanshi. In na fahimce ka kana so ka san ko akwai hoton da zai leƙa cikin naman yaron ya ce ga inda aka kwana, kuma ko hoton ya kai a saida abin hawa dominshi. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, IRM, wanda mutanen Najeriya ke ce ma MRI, yana nuna wannan ɗin fiye da duk wani hoto da muke da shi. Amma babur ɗinka kar ka kai shi kasuwa tukuna, ka saurare ni zuwa ƙarshe. Ni aikina hoto ne, eko (irin hoton da ake yi ma masu ciki) da radiyo (hoton ƙashi) da sikana (wanda ake ce ma CT), ba ni ne likitan jijiya ba kuma ban ga yaron da idona ba, to abin da zan faɗa ka haɗa shi da na likitan da ke duba shi.

Me ke faruwa cikin naman

Sunan ciwon daga wani likitan Faransa ne, Dushen, wanda ya yi bayaninshi a shekarun 1860, amma sai a 1986 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi a Amurka, a 1987 kuma aka gano sinadarin da ya ɓace aka sa mishi suna distirofin. Kowane zaren tsoka yana da wata fata siririya da ta lulluɓe shi, distirofin ne ke riƙe da ita daga ciki kamar yadda ɗinkin baduku ke riƙe bakin jaka. In babu shi duk lokacin da yaro ya yi gudu ko ya hau tudu sai fatar ta ɗan yage, abin da ke ciki ya zubo cikin jini, wannan CPK da kuka gani ta haura dubbai kenan, alhali ta mai lafiya ba ta wuce ɗari biyu da ƴan kai. Jiki yana ta faci yana ta faci har ya gaji, daga nan duk zaren da ya mutu kitse da tabo ne ke maye gurbinshi. Ciwon yana kama kamar yaro 1 cikin maza 3,500 zuwa 5,000 da aka haifa, kusan duka maza ne, kuma ba shan inna ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma wani abinci aka hana shi ba.

Wannan kitse da ke shiga cikin tsoka shi ne duk abin da hoto ke bi. Ka je wurin masu kilishi ka ga irin naman da suke zaɓa, jan nama zalla na cinya wanda za a shimfiɗa shi kamar takarda babu fari ko ɗaya, haka cinyar yaro mai lafiya take. Ta mai Dushen tana farawa haka, sannan fari ya fara tsirga mata ɗigo-ɗigo, ɗigon ya haɗe ya zama zane, a ƙarshe siffar tsokar tana nan da girmanta amma cikinta kitse ne. Shi ya sa sha-raɓar ke ruɗin mutane. Na taɓa duba wani yaro da kakarshi ta kawo daga ƙauye, tana ta ce mini likita dubi ƙafar nan, ai wannan ƙafar ɗan kokowa ce, lalaci ne kawai ke damunshi. Sai da na shafa jel na ɗora kan na'ura a sha-raɓarshi, na ɗora a ta wanshi da ya rako su, na juyo mata allon ta ga ɗaya baƙa ɗaya fara fat, sannan ta yi shiru ta ja mayafi ta rufe baki.

Abin da IRM ke gani

Radiyo ƙashi yake nunawa, tsoka a wurinshi inuwa ce kawai, kar wani ya karɓi kuɗinka ya ce zai bi ciwon tsoka da radiyon ƙafa. Sikana yana ganin kitsen, amma da hasken radiyo mai yawa yake aiki, ba abin da za a riƙa maimaita wa ƙaramin yaro duk shekara ba ne. IRM shi da maganaɗisu yake aiki, babu wannan hasken, kuma ya iya raba ruwa da kitse sosai.

Iri-iri ake ɗauka a zama ɗaya. Akwai wanda muke ce ma T1, a cikinshi kitse fari ne tsoka kuma toka-toka, da ido kawai kana ganin wace tsoka ta tafi wace ta rage, kuma akwai ma'aunin wani likitan Italiya, Merkuri, da ake ba kowace tsoka maki daga lafiyayya zuwa wadda kitse ya cinye duka. Akwai T2 da STIR masu nuna ruwa da kumburi, wato inda wutar ke ci yanzu kafin ta bar toka, wannan yana iya fitowa tun yaro yana ƙarami kitse bai taru ba, kuma yana sauka in aka fara ba yaro kortikoyid, maganin rage kumburi da ake ba masu Dushen. Sai na uku wanda shi ne ainihin abin da ƙanenka ke nufi, dabarar Dikson, wadda aka fito da ita tun 1984, ita lissafi take yi ta ce wannan tsokar kashi kaza cikin ɗari kitse ne. In an yi bana an yi baɗi sai a ɗora lamba kan lamba a ga tazarar.

Kuma ciwon yana da hanyar da yake bi, ba ya kama ko'ina lokaci ɗaya. Tsokar mazaunai da babbar tsokar cikin cinya su ne na farko, shi ya sa tashi daga tabarma ke fara gagara har yaro ya riƙa hawa jikinshi da hannu, daga nan tsokar gaban cinya mai miƙar da gwiwa. Amma akwai wasu sirara guda biyu a cinya da wata can cikin ƙwauri da ciwon ke tsallakewa har a daɗe, sai ka gan su toka-toka tsaf a tsakiyar fari. Mai karanta hoto in ya ga wannan tsarin ya san inda ya dosa. Binciken da aka yi a Amurka, inda aka bi yara masu yawa shekara da shekaru ana sa su cikin na'urar, ya nuna yawan kitsen tsokar gefen cinya yana tafiya tare da ƙarfin yaro, in ya yi yawa to barin tafiya ya matso, kuma lambar tana motsi cikin shekara ɗaya ko da ido bai ga canji ba. Saboda haka ne masu gwajin sabbin magunguna ke sonshi, misali wani magani givinostat da Amurka ta amince da shi a 2024, cikin abin da aka auna a gwajinshi har da wannan kitsen cinya.

To me ya sa na ce kar ka saida

Saboda tambayar da nake yi ma kaina kafin in tura kowa hoto mai tsada ita ce, in sakamako ya fito me za a canza. A ce kun hau mota kun yi kusan kilomita 900 yaro a takure yini guda, kun biya masauki kun biya hoto, aka ce cinyarshi kashi 20 kitse ne, ko aka ce 35. Maganin da za a ba shi ɗaya ne, kine ɗin da za a yi mishi, wato gashi da motsa gaɓoɓi, ɗaya ne, duba zuciya ɗaya ne. Kuma hoto ɗaya ba ya nuna gudun ciwo, sai an sake wani bayan shekara, a na'ura ɗaya da tsari ɗaya, in ba haka ba kamar ka auna hatsi yau da tiyar wannan gobe da tiyar wancan ne. Babur ɗaya gare ka, baɗi me za ka saida? Sannan ba kowace na'ura ce aka sa ma tsarin lissafin kitsen ba, yawancin aikin IRM a ƙasashenmu kai ne da gadon baya da gwiwa, kana iya dawowa da takarda mai layi uku ta ce an ga kitse cikin tsokoki, abin da ni zan gaya maka da eko cikin minti goma.

Ko can Turai ɗin, jagorar kula da masu Dushen da aka sabunta a 2018 ba ta sa IRM ɗin tsoka cikin abin da dole a yi duk shekara ba. Yaran da ƙanenka ya ji labari galibi suna manyan cibiyoyin bincike ne ko cikin gwajin magani. Kuma ko da Dikson ɗin babu likitan da zai ce maka ranar kaza yaro zai daina tafiya, kintace ne na jimla, yara biyu masu lamba ɗaya wani ya riga wani da shekara. Abin da aka sani dai, in babu magani yawanci suna daina tafiya kafin shekara 13, kortikoyid kuma yana ƙara musu shekara 2 ko 3 a tsaye.

Ga wani abu kuma da nake so ka riƙe da kyau ko da duk sauran ka manta. Na'urar rami ce mai ƙara kamar ana sara ƙarfe a maƙera, kuma sai yaro ya kwanta bai motsa ba wajen rabin awa. Ɗan shekara 7 in aka lallashe shi aka sa mishi abin toshe kunne yana iyawa, balle hoton ƙafa ne kanshi na iya zama kusa da bakin ramin. Amma in ya ƙi, wani wurin sai a ce bari a sa shi barci, to nan ne haɗari. Mai Dushen ba a yi mishi allurar sakin jiki da ake kira suksametoniyom, kuma iskar sa barci irin su halotan ana gudunta, don suna iya narka tsoka nan take gishirin potasiyom ya hau zuciya ta tsaya. Ka sa likitanshi ya rubuta maka wannan a ƴar takarda ka ajiye cikin karnen asibitinshi, wato ɗan littafin da likita ke rubutu a ciki, ko kaciya ce ko cire haƙori ko karaya, duk inda aka ambaci sa barci ka fito da ita tun kafin a tambaye ka.

Abin da za a iya yi nan gida

Eko ba na masu ciki kaɗai ba ne. Tsoka mai lafiya a allo baƙa ce da ƴan zane-zane farare, can ƙarƙashinta ƙashin cinya yana sheƙi fari tas. In kitse da tabo suka shiga sai tsokar ta yi fari, ƙashin ya fara dusashewa, kamar ranar da hazo ya sauko kana tsaye ba ka hango duwatsun Birni. Da wannan ne wani likitan Ingila, Hekmat, ya yi ma'auni mai hawa 4 a 1982, na 1 lafiya lau, na 4 ƙashin ya ɓace gaba ɗaya. Ba zafi, ba barci, yaro yana zaune kan cinyar mamanshi ma ana yi.

Amma ba zan yabi kayana fiye da kima ba. Eko ya dogara da hannun mai yi, in na karkata kan na'ura kaɗan ko na murɗa hasken allo sai baƙi ya koma fari, kuma in ciwo ya yi nisa komai fari ne ba a ƙara bambancewa, tsokokin can ciki ma ba a ganinsu. Ni yadda nake yi, ina auna tsakiyar cinya da tef daga ƙashin ƙugu zuwa ƙoƙon gwiwa in sa alama da biro, in rubuta saitin na'urar a bayan takardar, in ce uban ya ɗauki allon da salula, don takardar eko ɗin nan zafin garinmu yana goge ta, bayan shekara sai a kawo maka ita fara kamar ba a taɓa buga komai ba. In za ku yi, ku tsaya wurin mutum ɗaya da na'ura ɗaya, sau ɗaya a shekara ya isa.

Wanda ya fi eko ɗin ma yana aljihunka, agogon salula. Kai malami ne ka san rajista, ka samu kaye, wato littafin rubutu, guda na yaron. Ka auna mita 10 a tsakar gida inda babu duwatsu ka sa alama, ya yi sauri iya ƙarfinshi wani babba yana gefenshi, ka rubuta sakan nawa. Ya kwanta rigingine kan tabarma ya tashi tsaye, sakan nawa, ya dafa gwiwa da hannu ɗaya ko biyu. In akwai matakala 4 ya hau, sakan nawa. Ka yi bidiyo. Duk wata 3 ko 6, da safe kafin ya gaji, ba ranar da yake masassara ba. Waɗannan gwaje-gwajen su ne manyan asibitocin duniya ke yi, ba na talaka ba ne, kuma da su likita ke yanke shawarar magani. Sai dai ka sani a shekarun da yake ciki yanzu girma yana iya rufe ciwon na ɗan lokaci, lambobin su tsaya ko su ɗan gyaru, daga baya su fara zamewa, kar wannan ya sa a ce ya warke a bar zuwa asibiti.

Haka ita ma CPK, kar ku riƙa maimaita ta kuna zuba kuɗi. Wani uba ya taɓa shigo mini yana murna da takardu biyu a hannu, ta shekara uku baya da ta yanzu, lambar ta sauka fiye da rabi, ya ce sassaƙen da aka ba su ne ya yi aiki, alhali yaron a goye aka shigo da shi. Walla ban san ta inda zan fara ba. CPK daga tsoka take fitowa, in tsokar ta ragu dole ta sauka, ta taimaka wurin gano ciwo amma ba a bin ciwo da ita.

Inda kuɗin ya kamata su tafi

Na farko a tabbatar da sunan ciwon, don har yanzu zato likitan ya ce. Gwajin ƙwayar gado ne ke tabbatarwa, da jini ake yi, galibi sai an aika shi waje, kuma gwajin farko yana kama wajen kashi 70 cikin ɗari, sauran sai an zurfafa. Yana da muhimmanci don akwai ɗan'uwanshi mai sauƙi, Bekar, akwai kuma wasu ciwukan tsokar ƙugu da kafaɗa masu kama da Dushen sak, ɗaya a Tunisiya aka fara bayaninshi, su suna kama mata da maza kuma sun fi fitowa inda ake auren zumunci. In da za a ce dole a saida wani abu, wannan gwajin ya fi IRM cancanta nesa ba kusa ba, sau ɗaya ake yinshi a rayuwa.

Na biyu zuciya, ita ma tsoka ce kuma ita ma ba ta da distirofin ɗin. Hoton da ba na yarda a tsallake shi ne eko na zuciya da ECG (awon bugun zuciya), yanzu, sannan duk shekara, ko da yaro bai ce komai ba, don yaron da ba ya gudu ba zai yi haki ya nuna maka zuciya ta gaji ba. Wannan hoton yana canza magani, akwai ƙwayoyi masu araha irin na hawan jini da ake fara ba su wajen shekara 10 ko kafin nan in an ga alama. In kuma an fara kortikoyid, wanda likita ne zai auna da nauyin yaro kuma ba a tsayar da shi kwatsam, to radiyon gadon baya ta gefe yana da amfani lokaci-lokaci don ƙashin baya yana iya lotsawa shiru, in ya fara zama a keken guragu kuma a riƙa duba karkacewar baya da ƙarfin numfashi. Ga kine, a koya ma mamanshi miƙar da agara da gwiwa kusan kullum don kar ya koma tafiya da yatsu. Duk wannan zirga-zirga ce cikin gari, da babur ɗin nan za ka yi ta. Maganin gyaran ƙwayar gado da ake ta yaɗawa a Facebook kuwa, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, kuɗinshi ya haura dalar Amurka miliyan 3 kuma ba warkarwa yake ba, duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai samo maka shi ɓarawo ne.

Akwai inda ni da kaina zan ce a yi tafiyar. In gwajin gado bai nuna komai ba, ko yanayin yaron bai bi hanyar da na faɗa ba, IRM yana nuna tsarin tsokokin da suka kamu a gane wane ciwo ne, yana nuna inda za a yanki ɗan nama a kai awo, kuma yana iya tona kumburin tsoka irin wanda magani ke warkarwa. Sai IRM na zuciya in likitan zuciya ya nema, don yana ganin tabo tun eko bai ga komai ba. In hakan ta taso ko Allah ya hore wani ya ɗauki nauyi, ku nemi a ɗauki ƙugu da cinyoyi da ƙwauri duka biyun, T1 da STIR, ku tambaya tun ta waya ko suna yin Dikson, hoton tsoka ba ya bukatar allurar ruwan hoto, ku karɓo faifan ba takarda kaɗai ba. A cire mishi laya da kambu da duk wani abu tun a waje, don ba a san abin da aka ɗinke ciki ba kuma maganaɗisun ba ya wasa da ƙarfe.

Sai maganar mamanshi, don na ga gidajen da wannan ciwon ya raba. Za ka ji an ce ta wajen uwa ake gado, haka ne sau da yawa, amma kamar 1 cikin 3 sabon abu ne da ya faru a yaron ba daga kowa ba, kuma ko tana ɗauke da shi ba ta sani ba, ba ta zaɓa ba, kar ka bari dangi su sa ta a baki. Ka tambaye ta a hankali ko cikin ƴan'uwanta maza ko kawunnanta akwai wanda ya zauna tun yana yaro. In akwai ƙannenshi maza, musamman wanda ya yi jinkirin tafiya, a yi musu CPK sau ɗaya, ƴan matan kuma a yi maganar gwaji kafin aure ya taso. Ita ma mai ɗauke da shi zuciyarta tana iya taɓuwa ko da ƙafafunta lafiya lau, to ranar da za ku kai yaron eko na zuciya ka ɗauko ta a duba su tare, ku zo da kayen da bidiyon farko.